Hayaƙin Jago

Litinin, 14 ga Agusta, 12:40 na rana

Hutun cin abinci. Babur sittin da uku tun safe, goma sha tara sun faɗi. Aikin dai shi ne shi: in tsuguna a bayan babur, in zura bakin na'urar auna hayaƙi cikin salansa, in jira lamba ta tsaya a allo. Huɗu da rabi ko ƙasa, mutum ya wuce da farar takarda. In ta haura, Mas Pardi abokin aikina ya miƙa masa ja, ni kuma in sha harara, sai ka ce ni na hura masa hayaƙin.

Rumfarmu tana ƙarƙashin wata gadar sama a nan Jakarta, inda iska ba ta shiga ba ta fita. Takunkumi biyu nake sawa. Kafin la'asar duka biyun sun yi baƙi ta wajen hanci.

Yau kwanan Ibu, mahaifiyata, biyar a asibiti. Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta sunayen magungunanta, ga shi ina rubuta wani abu dabam.

Talata, 15 ga Agusta, 5:50 na safe

Bapak, mahaifina, ya tayar da babur ɗinsa Jago.

Shekara talatin da ɗaya yana yin haka. Babur ɗin a falo yake kwana saboda ɓarayi. Da an idar da sallah sai ya turo shi bakin ƙofa, ya buga kik, ya bar shi yana ɗumi har ya gama shan shayinsa. Irin tsohon injin nan ne mai ƙona baƙin mai tare da fetur, hayaƙinsa shuɗi, yana manne wa labule. Ibu ce ta sa masa suna Jago, wato zakara, don shi ke tashin lungunmu. Tagar ɗakinta tana saman wurin da ake tayar da shi.

"Nduk," in ji shi. Haka yake kirana tun ina goye. "An ce daga ɗaya ga wata za a fara tare mutane a hanya ana neman takardar hayaƙi."

"Haka aka ce, Pak."

"To ni me ya dame ni? Ina da 'ya a gwamnati."

"Ba gwamnati ba ce, kamfani ne. Kuma wata uku suka ɗauke ni gwaji."

"Kina da riga mai tambari ko ba ki da ita?"

Ya yi dariya ya sa hular kwano, ya tafi bakin kasuwa inda yake acaɓa. Na tsaya na rufe tagar Ibu, ko da yake ba ta ciki.

Laraba, 16 ga Agusta, 6:30 na yamma

Likita ya kira ni ofishinsa, ya ɗaga hoton ƙirjinta a gaban fitila. Ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Ya yi min tambaya uku. Tana shan taba? Na ce a'a. Tana girki da itace? Na ce a'a, gas muke amfani da shi. Akwai wani abu mai hayaƙi a gidan, ko kusa da inda take kwana?

Na ce, "Likita, Jakarta ce fa. Kowa hayaƙi yake sha."

Ya dubi tambarin rigata, ya dube ni, ya rubuta wani abu.

Alhamis, 17 ga Agusta, 10:00 na safe

Babu aiki yau, bikin 'yancin kai. Lungu duk tutoci. Bapak ya ɗaura wa Jago ƙaramar tuta a madubi, ya ce in ɗauke su hoto in kai wa Ibu. Na ɗauka, maganar likita tana raina. Ban faɗa masa ba.

Asabar, 19 ga Agusta, 1:15 na rana

Mas Pardi da Bu Herlina, shugabar rumfarmu, sun sake yin gardamarsu. Wata ƙatuwar mota ce ta jawo, baƙa wuluk, mutum ɗaya a ciki, gilashi a rufe. An gwada ta a ɓangaren motoci, ta wuce, mai ita ko fitowa bai yi ba.

Mas Pardi ya ce, "Bu, dubi wancan don Allah. Man da yake sha a rana ɗaya ya ishi ɗan acaɓa mako. Ya cinye hanyar babur shida shi kaɗai. Amma shi ne mai tsabta, mai sayar da tempe, wainar waken suya, a bayan babur shi ne mai laifi."

Bu Herlina ta ce, "Na'urata ba ta auna yawan man da mutum ya sha, Pardi. Gubar da ke fita take aunawa. Motar nan tana da matata a salansa. Tsohon babur ba shi da komai, abin da ya ƙone da wanda bai ƙone ba duka a fuskar na baya yake zubewa."

"To a ba su matatar mana."

"Ka je ka ba su. Ni takarda aka ba ni."

Suka juyo gare ni wai in raba. Na ce shinkafata za ta huce. Gaskiya ita ce dukansu sun yi daidai, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Da ɗayansu ƙarya yake yi, da na san inda zan tsaya.

Litinin, 21 ga Agusta, 7:20 na safe

An kori wata a rumfar yamma. Ta zura na'ura a salansar wani babur dabam don ta fitar wa mijin yayarta farar takarda, wani ya ɗauke ta bidiyo. Bu Herlina ta tara mu ta faɗa, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ranar da aka kori mutum, ranar ake rufe katin asibitinsa.

Katin Ibu a ƙarƙashin sunana yake. Sunana kuma a ƙarƙashin kamfanin.

Litinin, 4:50 na yamma

Saba'in da ɗaya. Ashirin da biyu ja. Wani tsoho ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni.

Laraba, 23 ga Agusta, 6:10 na yamma

Bapak ya wuni wurin bakanike. An wanke kafireta, an sa sabon fulogi, an rage baƙin mai. Ya dawo yana ta murna, ya ce in zo in ji yadda muryar Jago ta koma ta saurayi.

Na ɗauko farin tsumma na riƙe a bayan salansa, na ƙirga ashirin. Da na juyo shi akwai baƙin da'ira, da maiƙo a tsakiya. Ba na buƙatar tsumman ma. Wata biyu ina tsugune a bayan babura, hancina ya riga na'ura sani. Bakwai ne, ko takwas.

"Yaya?" in ji shi.

"Ya ragu, Pak."

"Na gaya miki!"

Na cusa tsumman a aljihu.

Alhamis, 24 ga Agusta, 12:30 na rana

Ban san yadda aka yi na gaya wa Mas Pardi ba. Muna cin abinci a bakin kwata sai maganar ta fita. Ban gaya masa ta likita ba, ta takardar Jago kawai.

Ya sassauta murya. "Mbak Darmi, ranar Alhamis mai zuwa Bu Herlina za ta tafi taro ofis daga ƙarfe goma. Ki ce wa babanki ya zo. Babur ɗina yana nan gefe, sabo ne. Ni zan riƙe na'urar, ke ki je sayen ruwa."

"Kana da yara biyu, Mas."

"Su ma babur ne ke kai su makaranta. Ki je sayen ruwa kawai."

Ban ce to ba. Ban ce a'a ba. Na ci gaba da tauna.

Juma'a, 25 ga Agusta, 7:00 na yamma

Ibu ta rame. Kalma uku take faɗa ta tsaya ta ja numfashi, robar iska a hancinta. Na kai mata faten shinkafa, cokali huɗu ta ci. Na nuna mata hoton tutar, ta daɗe tana kallo.

"A kansa ya kai ni… ranar da zan haife ki. Ruwa ya cika hanya… mota ba ta wucewa." Ta huta. "Ki taimaki babanki, Darmi. In aka raba shi da babur ɗin nan… ƙafafunsa aka yanke."

"Ibu, hayaƙinsa ya yi yawa."

"Ni bai taɓa damuna ba."

Daga nan tari ya kama ta, na riƙe mata kwano. Nas ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.

Asabar, 26 ga Agusta, 5:45 na safe

Ya tayar da shi. Na rufe taga. Ban faɗa masa ba.

Lahadi, 27 ga Agusta, 3:00 na yamma

An mayar da Ibu ɗakin sama na masu tsananin ciwo, wanda sai an cire takalmi ake shiga, mutum ɗaya, minti goma.

Lahadi, 5:30 na yamma

Na ba Bapak minti goman. Na zauna a benci ina kallon silifas ɗinsa a bakin ƙofa. Ya fi rabin sa'a bai fito ba. Da ya fito ya sa takalmin hagu a ƙafar dama, ya gyara, muka sauko.

Litinin, 28 ga Agusta, 6:05 na safe

Na yi abin da bai kamata ba. Bapak bai ma buga kik ɗin ba, tsaye kawai yake a gefen babur ɗin hannunsa a kan tanki, sai na ji muryata tana cewa, "Kada ka tayar da shi a nan! Ka tura shi bakin titi!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta koma.

Na jira ya ce warin da ya kai ni makaranta ne yau nake ƙyama. Na shirya jin haka, har na so ya faɗa. Ya tura shi har ƙarshen lungu. Shayinsa yana kan dakali, ya huce.

Talata, 29 ga Agusta, 12:45 na rana

Mas Pardi ya tambaya ko na gaya wa Bapak maganar Alhamis. Na ce na gaya masa. Na gaya masan da gaske, jiya da yamma, idona a kan tukunya: "Pak, ka zo gata, ranar Alhamis, da ƙarfe goma da rabi. Kada ka yi min magana, ka tafi wurin Mas Pardi." Ya ce, "Uhm."

In na yi, aka gane, katin Ibu ya tafi. In na yi, ba a gane ba, Jago zai ci gaba da tashi kullum, ita kuma gidan nan za ta dawo in Allah ya sa ta dawo. In ban yi ba, ran Juma'a za a tare shi a hanya kamar ɓarawo, yana da shekara sittin da uku.

Na juya shi ta kowane gefe. Ƙarƙashin gadar nan yau zafi kamar cikin tukunya.

Laraba, 30 ga Agusta, 8:10 na yamma

Bapak bai jira Alhamis ba.

Wajen sha ɗaya na ɗago kai in kira na gaba, sai na gan shi a layi, mutum biyar tsakaninmu. Ya sa rigar batik ɗinsa ta zuwa biki. Bu Herlina tana zaune a teburinta, taku uku daga inda nake. Mas Pardi ya gane shi daga hoton da na taɓa nuna masa, ya matso ya ce min a kunne, "Ki ce na'ura ta yi zafi, mu tafi hutu." Na gwada biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ban san lambobin da na karanta ba.

Ya turo Jago kan layin fenti, ya buga kik sau ɗaya ya tashi. Na tsuguna. Na zura na'urar. Lambar ta hau, ta wuce huɗu, ta wuce shida, ta ɗan yi baya, ta tsaya.

"Karanta min, Nduk. Ban zo da tabarau ba."

"Takwas da ɗigo ɗaya, Pak."

"Mai wucewa nawa yake samu?"

"Huɗu da rabi."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an faɗa masa sunan unguwar da ya riga ya sani. Ya kashe injin. Mas Pardi ya tsaya da jar takarda a hannu ya ƙi miƙawa, Bapak ya sa hannu ya karɓa da kansa, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

Sannan ya sunkuyo, don ni kaɗai in ji. "Likitan nan ya yi min tambaya uku ranar Lahadi. Ya ce ke kin amsa biyu. Ni na amsa masa ta ukun."

Ya ɗage jak, ya kama kan babur ɗin, ya fara turawa. Wani a layi ya ce, "Pak, ai ba a hana ka hawa ba, sai jibi!" Bai juyo ba.

Bu Herlina ta ce, "Darmi, mahaifinki ne?" Na ce e. Ta dubi layin, ya kai har bayan ginshiƙin gada. Ta ce, "Ki sha ruwa." Na sha. Na kira na gaba.

Kilomita bakwai ne daga rumfa zuwa gida. Na riga shi isowa. Ana kiran magariba ya shigo lungu, rigar ta jiƙe sharkaf, ba shi da babur. Ya bar shi a farfajiyar Bang Rojali, abokinsa na tasha, ya ce a rufe da leda.

Alhamis, 31 ga Agusta, 6:00 na safe

Lungu shiru. Mutum biyu sun makara aiki.

Juma'a, 1 ga Satumba, 6:40 na yamma

An fara tare hanya. Layinmu ya ninka. Ɗari da huɗu.

Bapak yana zaune a falo, a daidai inda mai ya yi tabo a siminti. Bai ci abincin da na bar masa ba. Na zauna kusa da shi na ce, "Pak, likita bai ce tabbas shi ne ba. Ya ce mai yiwuwa. Garin nan gaba ɗaya haka yake, motoci, masana'antu, shara da ake ƙonawa. Akwai waɗanda ba su taɓa ajiye babur ba suna kwance a ɗaki ɗaya da ita."

Duk gaskiya ne. Na faɗa har sau biyu.

Ya ce, "Garin ba a ƙarƙashin tagarta yake kwana ba, Nduk."

Lahadi, 3 ga Satumba, 4:20 na yamma

An sauko da ita. Alhamdulillahi. An sauko da ita.

Litinin, 4 ga Satumba, 7:15 na yamma

Wata maƙwabciya ta je dubiya ta kai mata labari. Ina shiga Ibu ta juya fuska bango.

"Ke kika ba shi ja?"

Na buɗe baki, Bapak ya riga ni. "Ni na je da ƙafata, Bu. Yarinya karatu kawai ta yi min."

"To yanzu… me za ka yi?"

"Zan yi jinyarki."

"Kai? Ruwan zafi ma… ba ka iya dafawa ba."

"Sai ki koya min daga kan gado. Ai bakinki lafiyarsa ƙalau."

Ta yi abin da ya yi kama da dariya, tari ya biyo. Ni dai ba ta dube ni ba har na fito. Likita ya ce za a sallame ta ran Alhamis, da tukunyar iska. Na tambaya har zuwa yaushe. Ya ce in tabbatar ba ta ƙare ba kafin a kawo wata.

Laraba, 6 ga Satumba, 12:50 na rana

Bu Herlina ta ce ta sa sunana cikin waɗanda za a tabbatar wa aiki. Na yi godiya. Na koma na tsuguna.

Alhamis, 7 ga Satumba, 6:50 na yamma

Ta dawo gida.

Da safe muka tafi ɗauko ta a bas, ni da Bapak. Bai san yadda ake taɓa kati a ƙofa ba, na taɓa masa. Ya zauna gefen taga yana kallon ƙasa, kawunan hular kwano cike da titi babu masakar tsinke, suna kutsawa tsakanin motoci. Can ya ce, "Ashe haka ake ganinmu daga sama."

Dawowa tasi muka ɗauka saboda tukunyar. Ibu a tsakiya, tukunyar tsakanin gwiwoyin Bapak ya rungume ta da hannu biyu, gilashi a rufe, sanyi yana busawa. Tafiyar da Jago ke yi a minti ashirin, mun yi sa'a ɗaya da rabi ba mu kai rabi ba.

A danjar kusa da kasuwa wani babur ya tsaya jikin ƙofarmu, tsoho, yana ta feso shuɗin hayaƙi. Mai shi ya ɗaga gilashin hula. Bang Rojali ne, da buhun albasa a baya. Ya leƙo, ya zaro ido, ya fara buga gilashi yana ihu, muna jin muryarsa can ƙasa-ƙasa yana kiran Bapak da sunansa.

"Tarjo! Kai ne a mota? Ka zama babban mutum ba ka gaya mana ba! Bu Karsih, sannu da jiki! Sauke gilashin mana, ɗan rainin hankali!"

Bapak ya yi dariya, karo na farko tun ranar Laraba waccan. Yatsansa ya kai kan maɓallin gilashin. Ya tsaya a nan.

Ibu ta ce, "Buɗe mana… ku gaisa."

"Yana jina haka, Bu."

Ya ɗauke yatsan, ya manna tafin hannunsa a jikin gilashin. Bang Rojali ya dubi hannun, ya dubi robar da ke hancin Ibu, ya daina ihu. Ya sa hannu ya kashe injinsa, a tsakiyar titi, na baya suna ta danna masa oda. Haka ya tsaya har danja ta ba da hannu, ya tura da ƙafa ya yi gaba sosai kafin mu hango ya buga kik.

Baburan duka suka wuce. Mu ba mu motsa ba sai da danja ta ba da hannu karo na uku.